Mutum Bakwai da Ke Hana Mai Zane Sakat

Tun zamanin Akinola Lasekan, wanda ya riƙa yi wa Turawan mulkin mallaka shaguɓe a jaridar West African Pilot, har zuwa kan Mustapha Bulama na Daily Trust, mai zanen barkwanci bai taɓa rasa abin zanawa a Najeriya ba. Sukuni ne ya gagare shi. Ga masu hana shi.

Na farko, Malam Zana-Ni. Ko a wajen jana'iza kuka haɗu sai ya matso: "Ɗan zana ni mana, ai minti biyu ne." Ka yi zancen kuɗi, ya riƙe baki: "Haba, baiwar da Allah ya ba ka kyauta?" In ka zana shi da giɓinsa da sanƙonsa, ka ci mutuncinsa. In ka rufa masa asiri, bai yi kama ba.

Na biyu, Mai Girma. Ka zana shi zaune a kan buhun kuɗin kwangilar titi, ba zai musa buhun ba. Yaronsa ne zai bugo waya: "Ranka ya daɗe ya ce tumbin ya yi yawa, kuma shi zanna yake sawa, ba dara ba." Ranar da ka zana abokin hamayyarsa kuwa, shi ne zai fara watsawa a WhatsApp.

Na uku, edita. La'asar sakaliya zai leƙo: "A yi mana abin dariya a kan cire tallafin man fetur, kafin magariba, amma kada a taɓa kowa." Tun daga 2023 ake neman wanda abin ya ba dariya, ba a samu ba.

Na huɗu, Sarkin Shawara, mai kujerar dindindin a teburin mai shayi. Kullum yana da dabarar da za ta girgiza ƙasa: gwamnoni 36, kura, jirgin sama da tukunyar tuwo, duk a fili ɗaya da bai wuce tafin hannu ba. Shayin ma kai za ka biya.

Na biyar, ɓarawon zaune. Ka raba dare kana fama da alƙalami, shi kuma da hantsi ya goge sa hannunka, ya liƙa sunansa, ya ɗora a Facebook. Ka yi magana, mabiyansa su ce hassada ce.

Ta shida, Gwaggo. "Ɗan nan, har yanzu zane-zanen ne? Yaushe za ka kama sana'a?" Ka ba ta labarin Wale Adenuga, wanda ya fara mujallar Ikebe Super a 1976 har tauraron zanenta, Papa Ajasco, ya kai talabijin. Ta ce, "To, Allah ya shirya." Anjima ta miƙo maka zanin gado ka fitar mata da fure.

Ta bakwai, uwargida. Ba ruwanta da siyasar da ke cikin zanen. Matar da ka saka a gefe tana tallar fura take ƙare wa kallo: "Maigida, wannan hancin na wace ce? Don dai ba nawa ba ne."

Duk da haka, kada a ji tausayin mai zane. Waɗannan bakwai su ne jarinsa, a jikinsu yake samun hanci da tumbi da hular da yake ci da su. Saboda haka mai karatu, in ka buɗe jarida ka ga wani ya yi kama da kai, ka yi dariya tare da jama'a ka wuce. Wanda ya tsargu, shi ake sake zanawa.