Karen da Ba Ya Zaman Kashe Wando

Yi dariyarka ka gama, Malam, sannan mu yi magana. A birnin New York akwai mutanen da ke tashi da asuba da tunani guda, wato wane aiki za su ba karensu yau. Na ji ka ce ƙoshi ne ya yi musu yawa. To, tsaya ka ji irin karen tukuna.

Sunansa border collie, karen makiyaya ne daga kan iyakar Ingila da Sikotland. Kaka da kakanni aka yi ana zaɓen irinsa don ya yini a kan tuddai yana juya garken tumaki da fito kawai. A littafin da masani Stanley Coren ya fitar a 1994, shi ne na ɗaya wajen saurin ɗaukar umarni. Wata karya irinsa mai suna Chaser, ta Farfesa John Pilley a jihar Karolina ta Kudu, ta haddace sunayen kayan wasa 1,022, ko wanne aka kira sai ta ɗauko shi. Alhaji, kai jikokinka nawa kake kira ba ka sa wa wani sunan wani ba?

Irin wannan dabba ce ake rufewa a ciki da falo a saman bene a Manhattan, maigida ya kama hanyar ofis. Tunda ba a ba shi aiki ba, sai ya buɗe nasa. Ya farke kujera, ya yini yana farautar inuwa a bango, in yara sun dawo makaranta ya tara su a lungu yana ɗan cizon dunduniyarsu. Shi a ganinsa kiwo yake yi. Abin tausayin ma, a lambun shaƙatawa na Central Park akwai fili mai suna Sheep Meadow, makiyayar tumaki ke nan, amma tun 1934 aka kwashe tumakin, kuma kare ba shi da izinin taka ciyawar.

Gari kuma ya matse shi ta ko'ina. A titi sai da igiyar da ba ta wuce ƙafa 6 ba. A Central Park ana sakinsa ne daga ƙarfe 6 zuwa 9 na safe, sai kuma daga 9 na dare. Jirgin ƙarƙashin ƙasa sai a cikin jaka. In ya yi kashi, dokar 1978 ta ce maigida ya kwashe, ko ya biya tarar dala 250. E, Hajiya, mutum da digirinsa yana bin kare da leda. Wannan kam na bar miki, ki yi dariya son ranki.

Kai kuma mai cewa a fita da shi ya yi gudu ya gaji, ka makara. Gudu ƙarfi yake ƙara masa, gobe sai ya nemi ninkin na yau. Kansa ake gajiyarwa. Masu wayo sun daina zuba masa abinci a kwano. Sai su ɓoye shi ƙarƙashin tabarma da bayan ƙofa da cikin tsumma, ya bi da hanci ɗaya bayan ɗaya. Akwai wata roba mai rami, Kong, a cusa mata markaɗen gyaɗa a daskarar a firji, ya zauna yana fama da ita shiru. Ana koya masa sunayen kaya, ɗauko takalmi, rufe ƙofa, mayar da kayan wasa kwando, kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini. A Jamus har wasa aka ƙirƙiro inda kare ke kora manyan ƙwallaye zuwa raga a madadin tumaki. Wanda ya ƙware a tsallake shinge da ratsa bututu kuwa yana iya kai wa ga gasar da ƙungiyar masu karnuka ta Westminster ta fara a 2014.

Na hango Liman yana gyara zama. Allah gafarta Malam, ai ku kuka karantar da mu cewa an yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gadin gona, masu aiki ke nan. Tambayi kowane mafarauci a Katsina ko Maraɗi abin da karensa ke yi in an daɗe ba a fita daji ba, kajin maƙwabta za su ba ka amsa. A New York ma akwai ƙungiyar R.A.T.S. da ke fita da ƙananan karnuka cikin dare farautar ɓeraye a lunguna.

Saboda haka ɗan'uwa na Bronks ko Harlem da yaransa suka ga wannan kare a talabijin suka nace, ka duba jadawalinka. In tasi kake ja tun safe har dare, kada ka soma. Nemi kyanwa, ɓerayen garin sun ishe ta aiki.