Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Layin Dogon Kano Zuwa Maraɗi

Ya kai layin dogo,

Ina sanar da kai cewa tun da aka aza harsashinka a watan Fabrairun 2021 muke zuba ido. Tsawonka kilomita 284, daga Kano ka bi ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, ka tsallake iyaka ka ya da zango a Maraɗi. Kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke shimfiɗa ka, a kan kuɗin da ya kusa dala biliyan 2, mafi yawansa rance. Muna maraba da kai, domin hanyar da ka ɗauko ta fatake ce da ta zumunci, kuma sarkin Maraɗi har gobe Sarkin Katsina ake kiransa.

Sai dai kafin ka iso, ka ji labarin wanka, tsohon layin dogo. Shi ya shigo Kano a 1911, kafin a ankara gyaɗa ta zama sarauniya. Su Alhassan Ɗantata suka tara buhuna har ana jera su dala-dala, Fagge da Sabon Gari suka cika suka batse. Amma gyaɗa da fatu da auduga ɗanyu suke tafiya Ikko, su dawo mana a matsayin sabulu da takalmi da yadi, mu saya da tsada. Da fari da cutar gyaɗa da kuɗin man fetur suka kwantar da noman a shekarun 1970, sai dogon ma ya bi sahu.

Yau leƙa Kantin Kwari ka ga dilolin atamfa har rufi, galibinsu daga ƙasar Sin, alhali masaƙun Sharaɗa da Bomfai da Chalawa da yawa sun rufe saboda rashin wuta, wasu an mai da su sito. Ka ƙarasa Dawanau ka ga lebura ya sunkuya, an aza masa buhun riɗi, yana hawa katako zuwa bayan tirela gumi na tsiyaya, gefe guda mata na tsince zoɓo. Duk wannan kaya a ɗanyensa zai bar gari, ribar sarrafa shi kuma a wata ƙasa za a ci.

Don haka roƙona gare ka, kada ka zama hanyar da za ta ƙara saurin kwashe ɗanyen kayanmu da zubo mana na wasu. Baƙo raɓa ne: ɗan kwangila zai gama ya koma gida, bashin kuwa mu da 'ya'yanmu za mu biya. Duk mai zuba jarin da ya biyo ka, ya kafa matsar mai da majema da masaƙa a kusa da tashoshinka. A haɗa ka da tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, a kuma jawo wa masana'antu iskar gas ta bututun Ajakuta. Manoman da ka ratsa gonakinsu a biya su diyya cikakkiya. Yaranmu su koyi walda da gyaran injinka tun yanzu, don kada ƙusa ɗaya ta kwance a jira injiniya daga Turai.

Idan taragunka suka fita da man riɗi a gwangwani da takalman da aka ɗinka a Kano, rancen da aka ci dominka zai biya kansa. Allah Ya kawo ka lafiya, Ya sa ka zame mana alheri.

Wassalam,
Naka, wani ɗan Kano.