A Ƙyale Mu da Hayaƙinmu

Akwai wata 'yar jama'a da ba ta da lauya, shi ya sa na ɗauki nauyin kare ta kyauta, tunda ni ma a cikinta nake. Mu ne mutanen da za su tarar da amfilifayar jita sabuwa fil a kanti, su ɗaga mata hannu su wuce, su koma gida su ce sai sun haɗa tasu da kansu, kuma irin ta zamanin da, mai kwalaben gilashi da ke yin ja idan sun ɗauki zafi. Dattawan da suka riski rediyon da sai an kunna an jira ya ɗumama kafin ya buɗe baki sun san kwalaben nan. Tun 1947 da aka ƙirƙiro taransisto a Amurka duniya ta soma sallamarsu, mu kuwa muka bi baya muna tsincewa. Ana cewa muna ɓarnar kuɗi, muna neman ajali da hannunmu, muna cika gida da ƙauri. Ban musanta ko ɗaya ba. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya kafa hujja da ɓarnar da muke tafkawa don ya hana mu bai san tarihin abin ba, domin sautin da ake nema a akwatin nan shi kansa a cikin ɓarna aka haife shi.

Bari in fara miƙa wa masu ƙara makaminsu, kada a ce na ɓoye shaida. Sabon shiga yakan fara da Fender Champ, samfurin 5F1 na ƙarshen shekarun 1950, don babu mai sauƙinta. Wat 5 ce kacal, maɓallinta ɗaya, kwalabenta uku: 12AX7 mai ɗaga sauti tun yana jariri, 6V6 mai tura lasifika, da 5Y3 mai miƙar da wuta. Resistoci da kondansoshinta ba su kai talatin ba, zanen duka ya shige shafi guda. Gogan naka zai duba ya ce ai aikin Asabar da Lahadi ne, sai dai ba ya faɗin na wace shekara. Kaya za su iso daga Amurka, inda wutar gida bolt 120 ce, ɗoki ya hana shi karanta takarda, ya soka taransifoma a soket ɗin Kano mai bolt 230. Idan fiyus bai yi saurin sadaukar da ransa ba, taransifoma ba ta gardama, takan yi ɗan gurnani ta saki hayaƙi, shi ke nan an rabu. Idan ya tsallake wannan, ga kondansa mai alamar ƙari da ragi, wadda in aka juya mata ƙafa takan fashe da ƙarar da ke fito da maƙwabta ba takalmi. Ga kuma ƙarfen narka dalma mai zafin digiri 350, wanda hannu ke cafkowa ta baki saboda ido yana kan zane. Wutar gari kuwa ta san lokacin da ƙarfen ya gama ɗaukar zafi, a daidai nan take tafiya.

A ce ma komai ya tafi lafiya, kwalabe sun yi ja, babu hayaƙi. Nan akwatin zai soma fitar da kowane irin sauti ban da na jita. Wani gurnani zai ji mara yankewa, wato wutar gida mai juyi 50 a daƙiƙa ta kutso cikin kiɗa, saboda bai murɗe wayoyin bolt 6.3 masu ɗumama kwalabe ba, ko ya ɗaure wayar ƙasa inda bai dace ba. Wani kuma ihu za a kurma masa, domin ya musanya wayoyi biyu na taransifomar lasifika, sautin da aka mayar baya don ya kwantar wa amfilifaya da hankali ya koma yana zuga ta. Akwai wadda takan kama fat-fat-fat kamar injin markaɗe da sassafe. Amma wanda ya fi ba ni tausayi shi ne wanda doguwar wayarsa ta zama eriya. Ya zuba kuɗi, ya ƙona yatsu, ya tara yara su shaida, ya kunna, sai ga murya tana karanta masa labaran duniya. Ya ƙera rediyo mai tasha ɗaya, kuma ba shi ya zaɓi tashar ba.

To ga hujjata. Magabatan wannan sana'a sauti garau suke nema. Leo Fender mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na Kalifoniya, kuma a wurinsa duk ƙarzar da ta shiga sauti aibi ce da za a kawar. Sai a 1951 ayarin Ike Turner suka kama hanyar Memphis za su ɗauki waƙar Rocket 88, amfilifayar mai jitarsu Willie Kizart ta lalace a hanya, aka cusa takarda a tallafi lasifikar, Sam Phillips mai situdiyo ya ji disasshen sautin da ke fita ya ce a bar shi haka. A 1958 Link Wray ya huhhuda lasifikarsa da fensir don kiɗan Rumble. A 1964 Dave Davies na The Kinks ya tsaga tasa da reza, aka samu You Really Got Me. Ita kanta amfilifayar Marshall kwaikwayo ce da bai fito daidai ba. A 1962, a shagon Jim Marshall da ke Hanwell a Landan, suka ga Bassman ta Fender ta yi tsada, suka ce bari su yi irinta da kayan da ake samu a Ingila. Abin ya fito da wata murya daban, ita ce JTM45, kakar akwatunan da Eric Clapton da Jimi Hendrix suka kurmantar da jama'a da su. Dalilin da ya sa har yau ake neman wannan sauti a akwatin nan yana cikin kwalbar. Idan aka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta ba ta datse kan sauti farat ɗaya, lanƙwasa shi take yi a hankali, ta ƙara masa wasu siraran sautuka a sama, kunne ya ji ya yi kauri da zaƙi. Abin da ake saye da tsada gazawa ce mai ladabi. Mutumin da ya fito neman gazawa da gangan, da wane baki za a zarge shi don ya yi karo da danginta a hanya?

Mai ƙara zai ce, na ji, reza a lasifika ba ta kashe kowa ba, wutar da ke ciki fa? Nan kam babu wasa. Ko 'yar Champ tana ɗauke da fiye da bolt 300, manyan sukan kai 450 har su haura, kuma kondansa tana da riƙo. A kashe, a zare soket, a je a ci tuwo a dawo, tana iya zama da ajiyarta tana jiran yatsa. Sai dai haɗari ne da aka san inda yake kwana. Ana sauke mata kaya ta cikin resista, a auna da mita kafin a taɓa komai. Ana sa hannu ɗaya a aljihu don kada wuta ta shiga ta wannan ta ratsa ƙirji ta fita ta wancan, a riƙa zungurar wayoyi da tsinken katako. Kunnawar farko kuma ta cikin ƙwan fitila mai zare ake yin ta, idan wayoyi sun haɗe ƙwan ya haskake ya shanye wutar. Na yarda cewa magidanci tsaye a ɗaki, hannu a aljihu, yana tsokanar akwati da tsinke yana ja da baya, ba abu ne da ke ƙara masa kwarjini a idon iyalinsa ba, balle bayan ya wuni a kasuwa yana cigiyar tsohon ƙwai 'yan tireda suna tambayar ko lafiya. Amma zubewar kwarjini daban, ganganci daban.

Maganar kuɗi ba zan daɗe a kanta ba, don a nan an kayar da mu. Taransifomomi biyu da kuɗin dako da na kwastan sun isa sayen amfilifayar taransisto da ke aiki tun ranar farko. Kwalaben ma masana'antu ƙalilan suka rage suna yin su, irin su JJ a Sulobakiya da ta Saratov a Rasha, shi ya sa farashinsu ya yi tsalle a 2022 saboda yaƙin Yukiren. Wanda ya ce don rage kashe kuɗi yake haɗawa, uwargida yake faɗa wa, ita ma ba ta yarda ba.

Ƙarar masu kwamfuta ce ta fi nauyi. Daga POD ta Line 6 a 1998 zuwa Kemper a 2011, an samu na'urorin da ke kwaikwayon muryar kwalba har kunnuwa da yawa su kasa rarrabewa, ba nauyi, ba zafi, ba jan wuta. Gaskiya ne. Amma a duba abin da suke kwaikwayo. Injiniyoyi sun share shekaru suna koya wa kwamfuta yadda 5Y3 ke haki idan aka daki tsirkiyar jita da ƙarfi, wato shaidunmu ne da suka zauna a bencin abokan gaba. Kuma ranar da na'urar ta mutu sai dai a karɓi gaisuwa a sayi wata. Champ kuwa mai ita ya san kowace waya da inda ya like ta, ga tabo a yatsa yana tuna masa. A duk kayan lantarkin da ke gidan mutum a yau, da wuya a sami wanda zai bi da yatsa tun daga soket har lasifika ya faɗi aikin kowane ƙwaro a ciki. Wannan ƙaiƙayi kuma ba na Turawa kaɗai ba ne, Mdou Moctar na Nijar da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko.

Saura tambayar da iyali suka fi yi, da murya ƙasa-ƙasa, bayan an ci nasara an buga karon farko: Malam, wai shin ka ma iya jitar kuwa? Galibi amsar a'a ce, don watannin koyo sun tafi wajen farautar gurnani. Ni ban ɗauki wannan tuhuma ba. Leo Fender har ya bar duniya a 1991 bai iya kaɗa jita ba, Jim Marshall kuwa mai ganga ne. Wanda ke son jin kiɗa ya zo da makaɗinsa, za mu ba shi aron akwatin. Kawai a gaya masa ya jona lasifika kafin ya kunna, domin amfilifayar kwalba in ta rasa inda za ta zuba ƙarfinta taransifomarta take ci, kuma wadda aka sake aikawa a sayo ba ta iso ba tukuna.