Yadda Ake Ɗaukar Bidiyon Taron Sauro a Damana

Taron sauro shi ne ɗan gajimaren ƙwarin nan da ke tsayawa cikin iska da faɗuwar rana, yana hawa yana sauka kamar hayaƙin da ya rasa mafita. A garin Damana, kudu da Filinge cikin jihar Tilaberi, ba a shan wahalar nemansa. Garin yana cikin kwarin Dallol Boso, inda ruwa yake kusa da ƙasa, kuma daga watan Yuli zuwa Satumba kowane kududdufi gidan haihuwa ne. Haka abin yake har cikin ƙasar Kurfai.

Kusan duk 'yan taron maza ne, kuma namijin sauro ba ya cizo. Aure ya tara su. Mace takan kutsa cikin taron, namiji ya ji ƙarar fukafukanta da gashin da ke kansa, ya kama ta, su fice tare. A jinsin Anofilis, mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro, shagalin ba ya wuce minti 20 zuwa 30. Wannan ne duk lokacin da mai ɗaukar hoto yake da shi.

Mataki na farko shi ne gano wurin. Taron yakan tsaya bisa wata alama a ƙasa: juji, tarin itace, bakin rijiya, ko wurin da duhun ƙasa ya haɗu da farin rairayi. Gobe ma nan zai dawo. Sai dai akwai wasu ƙananan ƙwari masu kama da sauro, waɗanda tsutsarsu ja ce tana zaune cikin laka, su kuma abu mai tsawo suke so. Mutumin da ya tsaya cik da waya a hannu abu ne mai tsawo. An ga wanda ya yi ta waige-waige a bakin tabki yana neman taro, alhali taron na bisa hularsa, in ya matsa su matsa, har wasu suka shige masa hanci.

Mataki na biyu, a durƙusa a fuskanci yamma, domin ƙwarin su fito baƙi-baƙi a jikin jan sararin sama. A kunna tsarin da ke rage saurin bidiyo, mai ɗaukar hoto 120 ko 240 a daƙiƙa. A nan ne wayar take nuna halinta. Idonta ba ya yarda cewa ɗigon da bai kai ƙwayar hatsi ba shi ake so. Sai ta kama gawon da ke can nesa, ta kama rumbu, ta kama jakin maƙwabci ta fito da shi tas har gashin kunne, ta bar sauron kamar dattin gilashi. A danna a kulle ta, ta kwance. A sake dannawa, ta ce wuri ya cika, saboda gaisuwar Juma'ar da dangi suka turo tun bara tana nan ba a goge ba. Kafin a goge, minti biyar sun tafi, cajin da aka biya kuɗi aka yi da rana ya koma ja.

Na uku ya shafi yara, kuma ba shi da magani. Yaro ɗaya ya ga babba durƙushe a kan juji ya isa. Kafin ƙiftawar ido sun zama goma sha wani abu, kowa na cewa, “Malam, ɗauke ni!” Mai ƙarfin hali cikinsu zai lura da abin da ake kallo, ya cire riga ya kaɗe taron don ya taimaka. Bayansu garken shanu na dawowa daga kiwo da ƙurarsa. Bayan shanu ga tsohuwa daga bakin zaure: “Kai ɗan nan, magariba ta yi, ba a tsayuwa kan juji yanzu!” Gaskiyarta, ga ladan ma ya fara kira, don sauro da sallar magariba lokacinsu ɗaya ne, kullum, babu ranar da ɗaya zai jira ɗaya.

Na huɗu, ko na biyar ne, lissafi ya riga ya ɓace, shi ne fitar da hanyar da kowane sauro ya bi. Waya ɗaya ba ta iya wannan, domin ido ɗaya ba ya bambance na kusa da na nesa, kuma sauro biyu in sun gitta juna sai su zama ɗaya. A ƙauyen Donegebugu na Mali kamara biyu aka jera, kwamfuta ta haɗa hotunan, sakamakon ya fito a 2012. A birnin Rum na Italiya kamara uku aka sa wa ƙananan ƙwari, kowace tana ɗaukar hoto 170 a daƙiƙa, aka gano a 2014 cewa ko da yake ba sa fuskantar gefe guda, motsin kowane yana da alaƙa da na sauran. Aikin yana da amfani na gaske. A kwarin Ku, kusa da Bobo Julaso, masu bincike da suka haɗa da Abdoulaye Diabaté sun sa samarin ƙauye fesa wa irin waɗannan tarukan magani, sauron garin ya ragu ƙwarai. Wanda ya san jujin da mazan suke taruwa ya san inda za a same su gobe.

Saura matan. Su ba sa cikin hoton, suna ƙasa wajen idon sawu, kuma mai riƙe da waya da hannu biyu ba shi da hannun mari. A sa wando mai kauri da safa duk da zafi, a kwana cikin sange. Kada a tura bidiyon ta WhatsApp kai tsaye, domin yana matse shi har ƙwarin su ɓace, wanda aka tura wa ya ga jaki kawai ya yi addu'ar Allah ya sa albarka. Idan jiki ya yi zafi bayan mako ɗaya ko biyu, a tafi gidan likita a yi gwajin jini a ranar, a bar wayar a wurin caji.