Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Hajiya Data

Ranki ya daɗe,

Ina fatan kina lafiya a duk inda kika shige, don a wayata dai ba kya nan. Nakan danna *312# in sayo ki ta wata guda, kafin mako ya zagayo in danna *323# a ce mini sai haƙuri. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025 kuɗinki ya hau, zamanki kuwa yana nan yadda yake.

A majalisa kowa kamfanin layi yake tsine wa. Ni ƴan cikin gida nake zargi, kuma ina da shaida. Cikin Settings, wurin da aka rubuta Data usage, waya ta jera manhajoji kowace da abin da ta ci a jikinki, har ta ware wanda aka ci ina kallo da wanda aka ci waya tana aljihu ina barci. Wata manhajar wasa da yara suka saukar, wadda an manta da ita, tana can wajen saman jeri.

To ga sabuwar doka. Duk wadda ban buɗe ba, na hana ta taɓa ki a bayan fage. Na kunna Data Saver, wanda ke cikin Android tun 2016, amma na ɗaga wa manhajar hira ƙafa, kada saƙon Gwaggo ya kwana a hanya a ce na yi girman kai. Play Store ba zai sabunta komai ba sai an samu Wi-Fi. Shi kuwa zauren dangi na WhatsApp, inda bidiyon kamun amarya ɗaya ke shigowa ta hannun kowace ƴar'uwa, na kashe masa saukar da kai. Wanda na so gani, ni zan taɓa.

An ba ni shawarar in ɗauko miki mai gadi daga waje, irin manhajojin da ke alƙawarin tattalinki. Na ƙi. Da yawansu ta VPN suke aiki, wato duk zirga-zirgar waya ta hannunsu take bi. Kin tuna Onavo? Facebook ya saye ta a 2013, daga baya ta fito fili cewa da ita yake leƙen manhajojin da mutane ke amfani da su, aka cire ta daga rumbun Apple a 2018, aka rufe ta a 2019. Kuma mai ƙirga data da ke neman izinin karanta saƙonnina, inda lambar sirrin banki ke sauka, me ya kai shi can?

Saura ƙanina da yake ɗana hotspot ɗina ba sallama. Na canza kalmar sirri, idan ya zo miki da kuka ki ce ba kya nan, kin saba.

Naki,
Mai saye kullum