Gaishe ku magadan Bulkan

Rumawan dā suna da wani gunki mai suna Bulkan, wanda suka damƙa wa wuta da ƙira. Gurgu ne, in ji su, maƙerarsa kuma tana ƙarƙashin dutsen Etna mai aman wuta a tsibirin Sisili. A can yake ƙera wa babban gunkinsu Jufita kibiyoyin aradu, a can ya ƙera wa jarumi Iniyas sulke da garkuwa. Shi dai a kawo aiki ya hura wuta, ba ruwansa da wuyan da za a sara. Bautarsa ta mutu tuntuni, amma sana'ar ta yi magada, kuma mutanen Farfaru da Magama da sauran ƙasar Jibiya sun fi kowa sanin ƙwazonsu.

Gaishe ku, masu ƙera bindiga a ƙasashen da ba a jin ƙararta! Gaishe ku, dillalai, da kuka ga rumbunan makaman Libiya sun buɗe a 2011 ba ku bar dukiya ta yi tsatsa ba, kuka keto hamada da ita har dajin Rugu. An rufe iyaka da Nijar a watan Agustan 2019, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Mai buhun shinkafa ya sha tara, tsohuwa mai zuwa Ɗan Isa gaisuwar mutuwa ta sha tambaya a shinge, amma kayanku ba su taɓa makara ba. Wannan cika alkawari sai ku.

Ku dubi wancan maƙerin na bakin kasuwa, bawan Allah. Tun asuba yaro na kan zugazugi, shi yana riƙe da awartaki, yana dukan jan ƙarfe a kan uwar maƙera, tartsatsi na huda masa riga, duk don ya fitar da fartanya da lauje. Wa zai saya? Manomin da gonarsa ke bayan gari sai ya biya 'yan bindiga haraji kafin ya taka ta. Ku ne kuka hutar da shi daga noma, kuka hutar da maƙerin daga ƙira, kuka tara mata da yara a azuzuwan makarantu cikin garin Jibiya su sha iskar birni. Ɗan'uwan maƙerin mai wayo kuwa ya gane zamani, ya ajiye garma ya koma harhaɗa bindiga a ɗaki a rufe, in an tambaye shi ya ce ai shi bai harbi kowa ba.

Nan ma kun zarce na gaba da ku. Mikhail Kalashnikov, wanda AK-47 ke ɗauke da sunansa, sai da zuciya ta dame shi kafin ya mutu a 2013, har ya rubuta wa shugaban cocin Rasha wasiƙa yana tambaya ko alhakin waɗanda aka kashe da ita yana wuyansa. Ku barcinku kuke sha har da minshari, in gari ya waye ku ne a sahun gaba.

Su ma Rumawan tsoron gunkinsu suke ji. Bayan ganuwa ake son gina masa ɗaki, makaman da suka ƙwato a yaƙi kuma sukan tara su cinna musu wuta da sunansa. Kowace ranar 23 ga Agusta sai su jefa ƙananan kifaye masu rai cikin wuta, wai ya karɓa a madadin rayukan mutane. Dam ɗin Jibiya cike yake da kifi, amma wutarku ba ta cin ƙaramin abu. A daren 11 ga Disamba 2020 kayanku ne suka kora yara fiye da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara zuwa daji, wasunsu ko takalmi babu, kuma kuɗin kowane harsashi na wannan dare sun riga sun shiga aljihunku.