Ta Leƙo Ta Koma, Ta Sake Dawowa

Har yau a layinmu, in hira ta yi sanyi a teburin mai shayi, akwai tambayar da ke tada ita: wasan nan da muka fitar da Afirka ta Kudu, iyawa ce ko sa'a? Da an jefa ta sai ka ga mai cin Indomie ya ajiye cokali, wanda ya miƙe zai tafi gida ya koma kan benci. Wasan ranar Laraba ne, 7 ga Fabrairun 2024, a birnin Buwake na ƙasar Kwaddibuwa, zagayen daf da ƙarshe na gasar kofin nahiyar Afirka. Ba mu ɗauki kofin ba, kowa ya sani, amma a unguwarmu an fi tuna wannan dare da daren wasan ƙarshe.

Mu dai haka muke da ƙwallo. Duk mako a rarrabe muke. Ɗan Madrid ba ya ga maciji da ɗan Barcelona, 'yan Arsenal da 'yan Manchester United kullum cikin gugar zana, in kuma Kano Pillars na wasa a filin Sani Abacha sai a ajiye na Turai a koma "Sai Masu Gida". Ranar da Super Eagles za ta taka leda kuwa, duk rigunan nan sai su koma ɗaya, kuma kowa a rumfa ya zama koci. Wanda bai taɓa gudun minti goma ba shi ne zai gaya maka wanda ya kamata a cire da wanda za a saka. Ni ina son wannan hali namu, don yana nuna abin ya dame mu.

Ƙarfe shida na yamma aka take wasan. Tun biyar da rabi gidan kallo ya cika, rumfar kwano ce mai talabijin biyu da bencina jere, yara a gaba a kan tabarma. Lokacin litar fetur ta haura naira ɗari shida, mai gidan kallo ya ƙara kuɗin shiga saboda inji, aka yi ɗan gunaguni aka biya. Makon ne kuma mutanen Minna suka fito titi kan tsadar abinci. Kowa ya shigo rumfar da abin da ke cin ransa, yana neman awa biyu da zai manta da farashin kwanon masara.

Kashin farko bai yi mana daɗi ba. 'Yan Afirka ta Kudu suka riƙe ƙwallo suna ta ba juna, don yawancinsu 'yan ƙungiya ɗaya ne, Mamelodi Sundowns, sun san ƙafar juna. Mu kuma kocinmu José Peseiro ya tara 'yan baya, kamar yadda ya yi ta yi tun wasa na biyu a gasar. Telan bakin layi, wanda muryarsa ta fi ta kowa kauri, ya ce, "Wallahi wannan mutumin Fotugal tsoro ya yi masa yawa. Kana da Osimhen da Lookman, ka zauna kana gadin gida?" Aka tafi hutu babu ci. Muka ruga masallaci, buta ɗaya mutum uku na jira, aka yi Magariba aka dawo kowa na neman gurbinsa.

A minti na 67 aka kayar da Osimhen a cikin da'ira, alƙali ya nuna fenareti, William Troost-Ekong ya buga ta shiga. An yi ihu, amma ihu mai taka-tsantsan, don ci ɗaya ba ya sa mutum ya miƙe ƙafa.

Sai wajen minti na 85. Lookman ya tsinke da gudu daga tsakiyar fili, ya ba Osayi-Samuel, shi kuma ya gangaro da ita gaban raga, Osimhen ya tura ta ciki. Jama'a, ban taɓa ganin rumfar nan ta girgiza haka ba. Benci biyu suka kife. Wani yaro ya tuɓe riga ya fita titi da gudu a cikin sanyin nan yana kiran "Mun je fainal!" Telan nan ya rungume wani mai gyaran babur da suka yi wata uku ba sa gaisawa saboda bashi. Daga gidajen maƙwabta kana jin guɗar mata, don su ba sa zuwa gidan kallo, da ihunmu suke gane abin da ke faruwa.

Muna cikin haka wani ya ce, "Ku dakata, alƙali na taɓa kunne."

Alƙalin, ɗan ƙasar Masar, ya nufi akwatin VAR da ke gefen fili. Mu duk mun ɗauka satar gida ake dubawa, har ana rantsuwa babu ita. Ashe can baya aka koma, ɗaya ƙarshen filin, kafin Lookman ya karɓi ƙwallo. Aka nuno ƙafar Alhassan Yusuf ta taɗe Percy Tau a cikin da'irarmu. Aka soke ƙwallon Osimhen, aka ba Afirka ta Kudu fenareti. Ta leƙo ta koma. Rumfa ta yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar inji a waje. Yaron da ya fita ba riga ya dawo yana haki, yana tambaya me ya faru, babu wanda ya iya ba shi amsa. Teboho Mokoena ya buga a minti na 90, ya farke. Daga biyu da nema muka dawo kunnen doki.

A nan ne abin da ya sa nake wannan rubutu ya faru. Alhassan ɗan Kano ne. Daga nan ya tashi ya tafi Suwidin, daga can ya koma Antwerp ta Beljiyam, kuma sai da Wilfred Ndidi ya ji rauni aka kira shi ya maye gurbinsa a gasar. Makonni uku kafin wannan dare, a wasan farko da Ikwatoriyal Gini, rumfar nan tamu ce ta yi ta tafa masa, kowa na cewa ɗan gida ne, wasu ma na ƙirƙiro zumunci da shi. Yanzu kuma bakunan nan ne suka juya. Aka fara da "ya kashe mu", aka zarce zuwa zagi, har wani matashi da ke bayana ya ambaci iyayensa.

Akwai wani dattijo da ke zama a kujerar roba kusa da ƙofa, tsohon direban tirela ne, kowa Baba yake ce masa. Bai ɗaga murya ba. Ya juyo ya ce, "Kai yaro, zo nan. Wanda kake zagi ɗan garin nan ne. Ka san ko ɗan'uwansa na zaune a rumfar nan? Ƙafa ya kai don ya ƙwato mana ƙwallo, ta zo da kuskure. Me mahaifansa suka yi maka?"

Matashin ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, a yi haƙuri, zafi ne."

"Zafin kai kaɗai kake ji? Shi da ke cikin filin fa?"

Ban manta wannan magana ba. Laifi tudu ne, mun taka namu muna hango na yaro. Mu da ke zaune a benci hannunmu na rawa, muna neman wanda ya shigo canji a cikin wasa mai zafi haka kada ƙafarsa ta kuskure ko sau ɗaya.

Kafin a tashi ma saura ƙiris su gama da mu. Mokoena ya buga bugun tazara, Stanley Nwabali ya doke ta, ta faɗo gaban Khuliso Mudau, ga raga a gabansa, ya ɗaga ta sama. Salati kawai kake ji. Aka shiga ƙarin lokaci, ƙafafu sun yi nauyi, aka fitar da Osimhen wanda da ma da ciwon ciki ya yi fama kafin wasan. Daf da tashi Grant Kekana ya kayar da Terem Moffi yana shirin shiga da'ira, aka ba shi jan kati, amma lokacin da ya rage bai isa mu ci moriyar hakan ba. Sai bugun daga kai sai mai tsaron gida.

A nan kowa da dabararsa. Akwai masu fita waje su juya wa rumfa baya, su ce ihu zai gaya musu. Akwai mai jan carbi. Akwai wanda ya hana kowa canja wurin zama. Tsoronmu kuma yana da dalili, don golansu Ronwen Williams kwana huɗu kafin nan ya tare fenareti huɗu a wasansu da Kef Bade. Mai shayi, wanda ya bar tukunya a kan wuta ya leƙo ta taga, ya ce, "Wannan mutumin ba a zuwa fenareti da shi."

Moffi ya ci. Mokoena, wanda ya farke mana ɗazu, ya zo, Nwabali ya tare. Omeruo ya ci, nasu ya ci. Ola Aina ya buga ta yi sama, zuciya ta sake tsinkewa, amma wannan karon, ko don idon Baba, ban ji wanda ya zage shi ba. Evidence Makgopa ya zo, Nwabali ya sake tarewa. Troost-Ekong ya ci, nasu ya ci, sai Kelechi Iheanacho, wanda bai taɓa ƙwallo a gasar ba sai a wannan dare. Ya ajiye, ya ja baya, ya buga, ta shiga. Huɗu da biyu. Yaron nan ya sake tuɓe riga, wannan karon da mutum ashirin a bayansa, masu babura na ta hon har bakin titi.

To, musun da ake yi. Malamin firamaren layinmu, mutum mai lissafi, shi ne jagoran masu cewa sa'a ce. Hujjarsa ba ta da rauni: da Mudau ya kwantar da ƙwallon nan, da tuni an manta da Nwabali, kuma fenareti a wurinsa caca ce. Yakan ce, "Malam, da ƙyar na sha ya fi da ƙyar aka kama ni, amma kada a ce mana gudu aka iya." Dattawa kuma sukan kawo wasan shekarar 2000 a Legas, shi ma daf da ƙarshe, shi ma da Afirka ta Kudu, inda Tijjani Babangida ɗan Kaduna ya zura biyu tun kafin hutu, aka gama babu tashin hankali. A wurinsu wannan ce nasara mai tsabta.

Ni ina tare da tela, duk da shi ne ya fi kowa sukar koci a kashin farko. Ƙungiyar da ta buga wasa biyar kafin nan aka zura mata ƙwallo ɗaya tak, ta doke Kamaru da Angola ba a taɓa ragarta ba, ba da sa'a ta zo Buwake ba. Nwabali kuwa, wanda ya taɓa tsare wa Katsina United gida, a lokacin a Chippa United yake, a can Afirka ta Kudu, yana karawa da mutanen nan a gasarsu ta cikin gida, ba baƙinsa ba ne. Abin da ya fi burge ni ma shi ne rabin awar nan ta ƙarin lokaci. Mutanen da suka riga suka yi murnar zuwa wasan ƙarshe, aka ƙwace a hannunsu cikin minti biyar, ba su watse ba, ba su tsaya nuna wa juna yatsa ba. Mu 'yan kallo mun karaya, su ba su karaya ba. Wasan Babangida ya fi daɗin kallo, amma na Buwake ya fi wahalar ci, shi ya sa na fi girmama shi.

Washegari jaridu suka ruwaito cewa wasu 'yan Najeriya sun yanke jiki sun rasu suna kallon wasan, har da wani tsohon ɗan majalisar wakilai daga jihar Delta. Wannan labari ya sanyaya mana jiki. Tun daga lokacin, in wasa ya kai fenareti, 'ya'yan Baba sukan zo su janye shi zuwa teburin mai shayi saboda hawan jininsa, a riƙa kai masa labari. Yana faɗa, amma yana tafiya.

Kwana huɗu bayan wasan Buwake, ranar 11 ga wata a Abijan, a wasan ƙarshe da Kwaddibuwa, Troost-Ekong ya fara ci mana, Kessié ya farke, Haller ya ƙara, masu masauki suka ɗauki kofi da ci biyu da ɗaya. Sai abin da Baba ya tsawatar a rumfarmu ya bazu a intanet. Aka yi wa Alex Iwobi ca da zagi har ya goge hotunansa a Instagram, sai da kyaftin Ahmed Musa ya fito ya roƙi jama'a su daina. Yaran da muka ɗaga sama ranar Laraba su ne muka tsine wa ranar Lahadi, alhali su ne suka kai mu wasan ƙarshe karo na farko tun 2013.

Ban ce kada a yi suka ba. A soki fas, a soki canji, a ce koci ya yi tsoro, da wannan ake jin daɗin majalisa. Roƙona ga masu gidajen kallo da manyan da ke zama a cikinsu shi ne su yi abin da mai gidan kallon layinmu ya yi bayan gasar: ya sa doka cewa duk wanda ya zagi iyayen ɗan wasa, namu ko na abokan hamayya, a mayar masa da kuɗinsa ya fita. Kai kuma ɗan'uwa, in ka ji na kusa da kai ya fara, ko babu Baba a wurin, ka taɓa kafaɗarsa ka ce ya bari.